Ko ɗalibar shari'a za ta iya rayuwa da aikin lauyan haƙƙin ruwa a Nijar?

Rabi'atu, Tawa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a tsangayar shari'a ta Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa, kuma idan Allah ya yarda bana zan kammala lisansi. Lokacin zaɓen fannin da zan bi a masta ya ƙarato, shi ya sa na zo neman shawarar waɗanda suka riga ni ganin hanya.

Mahaifina yana da garka a bakin tabkin Tabalak, inda yake noman albasa da tumatir. Duk wanda ya san tabkin ya san cewa idan rani ya yi nisa ruwa yana ja da baya, masu garka kuma suna bin sa da shingensu, domin laimar da ya bari ita ce dukiyarsu. Wata shekara, ina ajin ƙarshe na lise, shingaye suka haɗu har suka toshe hanyar da shanu suka saba bi zuwa mashaya. Da asuba garke ya keta ta cikin albasar mahaifina, wani maƙwabcinmu kuma ya sari sa guda a ƙafa. Aka je gaban hakimi, aka je gaban sarki, daga baya magana ta kai kotu, kuma ni ce nake karanta wa mahaifina takardun da ake aiko masa da Faransanci, yana zaune a kan tabarma yana sa ni in maimaita kowane layi. Kusan shekara biyu aka yi ana lissafin kuɗin albasa da kuɗin sa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk takardun nan ban ga inda aka yi tambayar da ita ce tushen rigimar ba: wa ke da haƙƙin isa ga ruwan, ta wace hanya, kuma a wane wata na shekara?

Kwanan baya na karanta a intanet cewa a Amurka akwai lauyoyin da ba su da wani aiki sai na haƙƙin ruwa, kuma da shi suke ci da sha. Tambayata ita ce, shin irin wannan aiki yana nan a ƙasarmu? Idan yana nan, wa ke ɗaukar mutum, kuma wane karatu ake bukata? Abokan karatuna kusan duka dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashen Afirka da dama suka yi tarayya a kanta, suke hari, suna cewa can ne bankuna da kamfanoni suke ɗaukar ma'aikata. Mahaifiyata ma tana tsoron kada in ƙare karatu in zauna gida da takarda a hannu. Ina roƙon a gaya mini gaskiyar al'amari, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Metir Issoufou, Yamai

Wa alaikumus salam, 'yata Rabi'atu. Na karanta tambayarki sau biyu, kuma zan amsa miki yadda zan amsa wa 'yar cikina. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sanya baƙar riga, ban taɓa haɗuwa da lauya ko ɗaya a Nijar da yake ciyar da iyalinsa da shari'ar ruwa ita kaɗai ba. Duk da haka ba zan ce miki ki bar wannan buri ba, domin kusan kowace shekara akwai ƙarar da ke zuwa teburina wadda, idan aka tona ƙarƙashinta, ruwa ne a kwance.

Dalilin yana cikin dokar kanta. Kundin dokar ruwa na Nijar, wato doka mai lamba 2010-09 ta ranar 1 ga Afrilu 2010, ya ɗauki koguna da tabkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa a matsayin dukiyar al'umma da ke hannun hukuma. Mai son ɗiban ruwa da yawa, gwargwadon girman aikinsa, ko dai ya sanar da hukuma, ko ya nemi izini, ko a ba shi yarjejeniyar amfani ta wani wa'adi. Ba a ba mutum takardar mallakar ruwa da zai sayar ko ya jinginar kamar fili ba. Saboda haka rigimar ruwa idan ta zo kotu, takan zo ne da rigar wata shari'a: ɓarnar gona, cin burtali, gādo, diyya, ko saɓa kwantaragi. Ga kuma abu na biyu, wanda kin gani da idonki. Rikicin gona da kiwo yana fara bi ta hannun sarakunan gargajiya domin sulhu, sai an kasa sannan a rubuta takardar rashin sasantawa a tafi gaban alƙali, wanda ke zama da masu ba shi shawara kan al'ada. Mafi yawan irin wannan rigima tana mutuwa a zauren sarki, kuma waɗanda suka wuce zauren galibi talakawa ne da ba su da abin biyan lauyan da zai taso daga Yamai.

Inda kuɗin yake daban ne. Tun daga sauyin 2001 aka raba aikin ruwan birane biyu, SPEN ta riƙe kadarori da zuba jari, SEEN kuma ta riƙe rarraba ruwa da karɓar kuɗi, har zuwa farkon 2024 da kamfanin ƙasa na NDE ya karɓi aikin rarrabawar. Akwai kuma hukumar ARSEau mai sa ido a kan fannin. Duk waɗannan wurare ba sa tafiya sai da masana shari'a, domin rayuwarsu kwantaragi ce da kwangila da tantance farashi. A karkara, komin-komin ne ke da alhakin ruwan sha, kuma da yawansu suna danƙa ƙananan famfunansu ga ɗan kasuwa ya gudanar bisa yarjejeniya. Idan inji ya lalace aka fara jayayya kan wanda zai saya sabo, lauya ake nema. Madatsar Kandaji da ake ginawa a kan kogin Kwara kusa da Ayoru ta tayar da dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, kuma dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ita ce ma'aunin diyyarsu. Kamfanonin haƙar ma'adinai da na man fetur su ma suna bukatar izinin ɗiban ruwa da binciken tasirin aikinsu a kan muhalli kafin su fara.

Bari in ba ki misali guda daga ofishina. Wani ɗan kwangila ya haƙa wa wata komin rijiyar burtsatse a cikin jaharku, inda kowa ya san ruwa yana da nisa. Ya kai zurfin da aka rubuta masa, ya sami ruwa, amma ruwan ya fito da gishirin da ko dabba ba ta son sha. Komin ta ƙi biya, shi kuma ya ce ya cika aikinsa. Kwantaragin shafi goma sha ne, amma babu layi ɗaya da ya faɗi wanda zai ɗauki asara idan ruwan bai shāwu ba. Kwana uku na yi da rahoton masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ina karantawa da fensir, ina kiran wani injiniya a waya yana fassara mini lambobi, har na gano cewa rahoton farko ya yi gargaɗi kan wannan shimfiɗar ƙasa kuma an zaɓi wurin duk da gargaɗin. A kan wannan shafi ɗaya aka sasanta. Lauyan da ke tsoron rahoton injiniya ba zai iya wannan aiki ba.

Shawarata ita ce ki yi masta a dokar jama'a ko ta kasuwanci, ki rubuta kundin bincikenki a kan ruwa, sannan ki nemi shiga ƙungiyar lauyoyi. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, da ta daidaita aikin lauya a ƙasashen ƙungiyar tana neman masta, da cin jarrabawar shiga aikin lauya da ake kira CAPA, da zaman koyon aiki na shekara uku a ofishin wani lauya. Hanyar tana da tsawo, kuma shekarun farko abin da za ki samu ba zai wuce na mota da abinci ba. Amma idan kika fito, za ki ci abinci da shari'ar fili da kwangila, ruwa kuma ya zama abin da aka san ki da shi.

Hajiya Mariama, Abalak

Metir, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa kan doka haka yake, amma ina ganin kun auna tambayar yarinyar nan da ma'aunin kotu kaɗai, alhali mafi yawan masu aikin haƙƙin ruwa a ƙasar nan ba su taɓa sanya baƙar riga ba. Ni ɗaya ce daga cikinsu. A Jami'ar Abdou Moumouni na karanta shari'a, kuma shekara goma sha huɗu na yi ina aiki da kwamitocin kula da filaye, waɗanda kowa ke kira Kofo, tsakanin Abalak da Cintabaradan.

Ƙanwata Rabi'atu, tambayar da kika ce ba ki gani a takardun mahaifinki ba, doka ta tanadi wurin yin ta. Dokar 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza harsashin kundin dokokin karkara, ita ta kafa Kofo, kuma a yau ana samunsu daga matakin ƙauye zuwa na komin da na gunduma. Aikinsu ne su tantance burtali da mashaya da makiyaya, su sa musu alama, su rubuta su. Da an shata hanyar mashayar nan an rubuta ta tun kafin rani, da wuya albasa ta lalace, da wuya a sari sa.

A arewa lamarin ya fi haka nauyi. Dokar 1961 ta ja iyakar noma, abin da ke arewa da ita yankin kiwo ne, kuma a can wanda ya riƙe rijiya shi ya riƙe ciyawar da ke kewaye da ita, tunda dabba ba ta kiwo inda ba za ta sha ba. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma tabbatar da cewa mutanen da suka saba zama a wani yanki suna da fifiko a kan rijiyarsu, amma fifikon bai ba su ikon hana baƙo sha ba. Har tazarar da ya kamata a bari tsakanin mashaya da mashaya ta faɗa: kilomita 15 ga rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga na burtsatse. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanenmu, domin malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da ya ce mutane abokan tarayya ne a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Matsalar da na fi gani ita ce ta mai kuɗi da zai zo ya haƙa rijiya da sunan taimako, bayan shekara biyu ya sa mai gadi yana karɓar kuɗi a kan kowane garke, a ƙarshe ya zama shi ke da dajin duka ba tare da ya sayi taƙi ɗaya ba.

Akwai wata rijiya mai gaba arba'in da ba zan manta da ita ba. Raƙuma da jakuna ne ke jan wasaki, yaro yana kora su har su yi nisa kafin ruwa ya iso baki, itacen da aka gicciya a kanta kuma igiya ta ci shi ta yi masa zane-zane masu zurfi. Wani poroje zai gina sabuwa ta siminti a kusa, aka turo ni in rubuta yarjejeniyar amfani da ita kafin a kafa diga. Kwana uku muka yi a gindin aduwa, da Buzaye masu wurin, da Fulani masu ratsowa da damina, da Hausawa 'yan kasuwar dabbobi. Ba a kan kuɗi aka fi jayayya ba, a kan layi ne: garken wa zai fara sha, baƙo kwana nawa zai yi kafin ya wuce, wa zai yashe rijiyar idan ta cika da rairayi. Sai a rana ta biyu, da na shiga bukkokin mata, na ji cewa babu wanda ya ware lokacin ɗiban ruwan gida, mata sai su jira har dabbobi su gama, wani lokaci har la'asar. Muka sa musu sa'o'in farko na safiya a cikin takardar. Shafi biyu ce kawai, da dangwalen yatsu a ƙasa, amma ita ce aikin shari'a mafi amfani da na taɓa yi, kuma kasancewata mace ne ya buɗe mini ƙofar da ta gyara ta.

Masu ɗaukar irin wannan ma'aikaci su ne sakatariyar dindindin ta kundin dokokin karkara, da ma'aikatar ruwa, da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da porojen da Bankin Duniya ko asusun raya noma na duniya FIDA ke ba kuɗi. Sanarwar guraben takan fito a jaridar Le Sahel da ofishin hukumar samar da aikin yi ta ANPE. Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Aikin poroje na wa'adi ne, shekara biyu ko uku sai a sake nema, kuma bayan sauyin mulki na Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da ayyukansu, abokan aikina da yawa sun zauna. Rashin tsaro ya sa akwai wurare wajen Tiliya da Tasara da ba a zuwa yadda muke zuwa da. Idan har kina so, ki fara koyon Tamajak da Fulatanci tun yanzu, domin wanda ke jin magana ta bakin tafinta rabinta kawai yake ji.

Abdourahamane, Yamai

Gaisuwa ga Metir da Hajiya. Ni na yi karatun shekara ɗaya a jahar Kolorado ta Amurka a kan dokar albarkatun ƙasa, don haka zan yi wa ƙanwata bayanin abin da ta karanta, saboda kada ta kwatanta abin da ba iri ɗaya ba.

A yammacin Amurka, inda ƙasa take da fari, ƙa'idar ita ce wanda ya fara ɗiban ruwa ya yi amfani da shi shi ke da fifiko a kan duk wanda ya zo bayansa. Kowane haƙƙi yana ɗauke da ranar da aka kafa shi, kuma a shekarar ƙarancin ruwa mai tsohuwar rana yana ɗiban kasonsa cikakke kafin mai sabuwa ya sami ɗigo. Haƙƙin nan dukiya ne, ana sayar da shi, ana gādonsa, ana mayar da shi daga gona zuwa birni, wanda ya daɗe bai yi amfani da nasa ba kuma yana iya rasa shi. Kolorado tana da kotunan ruwa bakwai tun dokar 1969, kowace tana kula da kwarin wani kogi. Jahohi bakwai suna rabon kogin Kolorado bisa yarjejeniyar 1922, kuma har yanzu ba su daina jayayya a kanta ba. Ƙabilun asali na ƙasar su ma suna da haƙƙinsu, wanda ya samo tushe daga hukuncin kotun ƙoli na 1908 a shari'ar Winters. To inda abu yake da takarda da farashi da kotu tasa, dole lauyoyi su taru. Hukumomin ruwan birane, da ƙungiyoyin manoman rani, da gwamnatocin jahohi, da ƙabilu, da kamfanoni, duk suna da nasu lauyoyin. Sai dai shiga aikin a can galibi yana bukatar digirin shari'a na ƙasar, wanda shekara uku ne bayan digirin farko, da jarrabawar lauyoyi ta jahar da mutum zai yi aiki. Ban ba ki shawarar ki ɗora rayuwarki a kan wannan ba.

Abin da ya fi kusa da ke yana nan Yamai. Hukumar kwarin kogin Kwara, ABN, wadda aka kafa a 1980 a madadin kwamitin kogin na 1964, a nan hedikwatarta take, kuma ƙasashe tara ne a cikinta: Gini, Mali, Nijar, Benin, Najeriya, Burkina Faso, Kodebuwa, Kamaru da Cadi. Kundin ruwan da shugabanninta suka sa wa hannu a 2008 ya wajabta wa ƙasar da za ta yi babban aiki a kan kogin ta sanar da sauran tun da wuri. Hukumar tabkin Cadi da ke Njamena ita ma ta yi nata kundin a 2012. Ke da kike Tawa, ki duba yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya, wadda ta shafi rabon ruwan Magiya da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe, domin Magiya a jaharku take. Shari'ar tsibirin Lete kuma, wadda kotun duniya ta yanke a 2005 tsakanin Nijar da Benin ta bar tsibirin ga Nijar, ta nuna cewa ƙasa tana bukatar 'ya'yanta da suka san dokar koguna.

Guraben wannan mataki kaɗan ne ƙwarai, kuma 'yan ƙasashe da yawa ne ke nemansu, galibi masu digirin dakta ko shekaru goma na aiki, masu Faransanci da Ingilishi duka. Wuri ne da ake isa bayan an daɗe a hanya.

Injiniya Sani, Birnin Ƙwanni

Ni ba masanin shari'a ba ne, aikina ban-ruwa ne, amma ina so Malama Rabi'atu ta ji daga bakin masu bukatar irinta. Filin noman rani na Ƙwanni ya haura hekta 2,400, yana shan ruwan Magiya daga madatsun Mozage da Zango, kuma hukumar ONAHA ce ke kula da irin waɗannan filaye tun 1978. Laka tana cike madatsu shekara bayan shekara, ruwan da ake rabawa da rani yana raguwa, kuma manomin da ke wutsiyar magudana shi ke fara ganin alkamarsa ta yi yaushi alhali kuɗin ruwan da zai biya daidai yake da na wanda ke kusa da baki. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna bukatar wanda zai rubuta musu ƙa'idojin da za su yi aiki: yadda za a raba kwanakin ban-ruwa, hukuncin wanda ya fasa magudana da dare, matsayin wanda ya ari fili ko ya gāje shi. Na sha ganin an kawo mana ƙa'idojin da aka kwafo daga wata ƙasa, masu kyau a takarda, waɗanda ba su san cewa ruwa yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kai ƙarshen magudana ba. Idan za ki yi wannan aiki, ki koyi lissafin lita nawa ke wucewa a daƙiƙa, ki koyi karanta taswira. Ƙwanni ba ta da nisa da Tawa. Ki zo da rani ki tsaya a bakin ƙofar ruwa ranar rabo.

Metir Issoufou, Yamai

Hajiya, na karɓi gyaranki, kuma labarin rijiyar nan ya fi duk abin da na rubuta. Abu ɗaya kawai zan ƙara. Ranar da mai kuɗin da kika ambata ya ƙi mutunta takardarki mai shafi biyu, ya ɗauko lauya daga Yamai, makiyayan nan suna bukatar wanda doka ta ba izinin tsayawa gaban alƙali da sunansu, har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Tawa idan ta kama. Ma'aikacin poroje ba shi da wannan izini, kuma idan wa'adin porojen ya ƙare shi ma ya tafi. Shi ya sa nake son 'yata ta sami rigar, ko da rabin shekarunta a daji za ta yi su. Idan ta yi daji shekara biyu kafin jarrabawar, ba ni da ja.

Rabi'atu, Tawa

Na gode, Baba Metir, na gode Hajiya, da Yaya Abdourahamane da Injiniya. Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa mahaifiyata amsoshinku jiya da dare, kuma abin da ya kwantar mata da hankali shi ne maganar Baba cewa shari'ar fili da kwangila za ta riƙe ni.

Na yanke shawarar yin masta a dokar jama'a, in rubuta kundina a kan hanyoyin mashaya a kewayen tabkin Tabalak, tunda tabkin yana cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar kuma masunta da masu garka da makiyaya duk a kansa suke. Da hutun nan zan je ofishin Kofo na komin ɗinmu in roƙi a bar ni in yi zaman koyon aiki, ko ba a biya ni ba, in ga ko an taɓa shata hanyar da aka yi rigima a kanta. Maganar CAPA kuma tana nan a gabana bayan masta.

Hajiya, ina da roƙo ɗaya gare ku. Idan akwai kwafin irin yarjejeniyar rijiyar nan da aka cire sunayen mutane, ina so in ga yadda kuka rubuta sharaɗin kwanakin baƙo da na sa'o'in mata. Takardun shari'ar mahaifina suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, har da ta rashin sasantawa mai hatimin sarki, kuma ranar Juma'a zan shiga motar Tabalak in ɗauko su.